Waya Ɗaya, Mutum Goma Sha Huɗu

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Aiki ya samu. Alhaji Ladan, shugaban ƙungiyar manoman albasa ta yankinmu, ya kira ni ofishinsu na Aliero. An gina musu sabon sito mai shan iska, irin wanda albasa ke yin wata biyar a ciki ba ta ruɓe ba. Sai dai wurin mutum ɗari biyu kawai ke gare shi, kowa buhu goma, masu so kuwa daga Jega da Aliero da Maiyama sun haura ɗari biyar. Bara da aka raba taki da takarda da biro sai da aka ba hamata iska a ƙofar ofis, aka yaga wa sakatare riga, ya ajiye aikin. Bana suna so a yi rajista ta WhatsApp, wanda ya riga shi ne da wuri.

Wato bot suke so, manhajar da za ta zauna a bayan lambar ƙungiya, ka tura saƙo ta amsa da kanta, ta tambayi sunanka da ƙauyenka ta rubuta. Alhaji ya ce, "Injiniya, abin da ni ka so, kada wani ya zaka ya ce an yi son kai." Na ce masa na'ura ba ta da ƙane, ba ta da suruki. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Injiniya. Shekara biyu da gama digiri ina canza gilashin waya a kasuwar Jega ana ce min Shafi'u mai gyara. Yau dai an kira ni da sunan da ya dace.

Laraba, 15 ga Janairu

Na raɗa wa bot ɗin suna Magatakarda.

Yau na zauna da takarda na zana yadda zan ajiye mutane a cikin kod, wato rubutun umarnin da kwamfuta ke bi. Nan ne ainihin aikin, sauran duk ado ne. Kwamfuta ba ta san fuskar kowa ba, dole ka ba ta abu guda da za ta raba wannan da wancan. Suna ba zai yi ba. A Jandutsi kaɗai na san Shehu bakwai, har da babana. Amma duk saƙon da ya shigo da lambar wayar da ta turo shi yake zuwa, lamba kuwa ba ta da ta biyu a duniya. Shi kenan. Jadawali ɗaya, kowane layi mutum ɗaya, lambar waya ce makullin layin. A gabanta suna, ƙauye, harshen da mutum ya zaɓa, Hausa ko Fillanci, sai lokacin da ya yi rajista. Lamba ɗaya, mutum ɗaya. Mai niyyar yi sau biyu don ya ci wuri biyu ya makara.

Na nuna wa Bushira, sabuwar sakatariyar ƙungiya. Ta daɗe tana kallon zanen, ta ce, "To wanda bai da babbar waya hwa?" Na ce ya ara mana. Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu sai Alhaji ya kira ta, ta tashi. Bushira akwai son tambaya.

Asabar, 18 ga Janairu

Magatakarda ya yi maganarsa ta farko: "Sannu da zuwa. Mene ne sunanka?" Na amsa masa ya fi sau goma, don daɗi kawai.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na je gida Jandutsi. Baba ya kai ni fadama. Albasar bana ta yi kyau, lawashi ya yi kore shar, ya ce da yardar Allah buhu goma ba za su gagara ba. A hanyar dawowa muka bi ta gindin rudunsa, gadon itace da kara da yake zuba albasa a kai ya rufa da ciyawa. Ya tsufa, ƙafa ɗaya ta karkace. Bara buhu goma sha ɗaya ya zuba, biyar suka fita lafiya, sauran warinsu har cikin gida. Na tuna yadda ya riƙa tsince ruɓaɓɓun da hannu yana jefarwa. Ba na so in sake ganin wannan.

Da yamma a majalisa ana maganar sito, na ji shi yana cewa, "Ai ɗana na ya ƙera abin da za a yi rajistar." Sau uku ya faɗa, ga mutanen da suka ji tun farko. Na sunkuyar da kai kamar ina jin kunya, amma gaskiya daɗi na ji.

Wayarsa ƙarama ce mai madannai, ba ta WhatsApp. Na ce kada ya damu, ni zan yi masa da kaina.

Juma'a, 31 ga Janairu

Gwaji da Bushira. Ta rubuta sunanta hannunta ya goce, ya fito "Bushura", ta ce yaya za ta gyara. Da gaskiyarta, manoma za su yi irin wannan da yawa. Nan take na warware: idan lambar da ke cikin jadawali ta sake turo suna, a ɗauka gyara ne, sabon suna ya hau kan tsoho, lokacin rajista ya tsaya yadda yake. Magatakarda ya amsa, "An karɓi sunanka," kamar kullum. Layi uku na kod, ko minti goma ban yi ba.

Na kuma sa shi ya riƙa adana duk saƙon da ya shigo a wani kundi daban, kowanne da lokacinsa, don wani malaminmu ya sha ja mana kunne a kan haka. Ba na jin zan taɓa buɗe shi.

Na share duk sunayen gwaji. Gata, ranar Litinin, za a buɗe.

Litinin, 3 ga Fabrairu

An buɗe ƙarfe takwas na safe. Kafin takwas da minti biyar layi goma sun shigo. Kafin azahar ɗari da goma. Ina zaune gaban kwamfuta ina kallon sunaye suna sauka ɗaya bayan ɗaya, Liba, Jandutsi, Maiyama, har rugage, wasu sun zaɓi Fillanci kuma ya amsa musu daidai. Bai tsaya ba ko sau ɗaya. Abincin rana sai la'asar na tuna da shi.

Babu layi, babu ture-ture, babu rigar da aka yaga. Alhaji ya bugo sau biyu yana sa albarka.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Waya ta yi ƙara, na ga "Baba", na gyara murya na ce, "Baba, ina kwana." Sai na ji, "Ni ta, ba shi na ba." Inna ce. Kullum sai ta yi min haka, kullum sai na faɗa. Ta ce Baba yana ta jiran ya ji an yi, shi kuma ba zai tambaya ba, shin na sa sunansa?

Na manta. Kwana biyu ina kallon sunayen mutane na manta da na ubana.

Nan take na ɗauki wayata na tura wa Magatakarda saƙo, ya tambaya na rubuta Shehu Jandutsi. Na duba jadawali, na 188. Da kyar, amma an shiga. Na ce wa Inna ta faɗa masa an gama tuntuni. Ƙaramar ƙarya, ba ta cutar da kowa ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

An rufe. Layi 431. Bushira ta ce ita ta zaci za a kai ɗari biyar. Na ce wanda bai yi ba bai so ba ne.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An manna jerin mutum ɗari biyu a ofis, an aika kwafi Jega da Maiyama. Alhaji ya tara wakilai ya sa na yi bayani. Na ce musu kowane suna da sa'arsa da mintinsa, babu hannun mutum a ciki, na'ura ba ta mantuwa kuma ba ta san kowa ba. Aka tafa. Wani dattijo ya ce ashe karatun bokon nan yana da rana. Wani daga Argungu ya karɓi lambata, wai masu shinkafa ma suna son irinsa.

Idan haka ta ci gaba, kafin shekara na bar teburin gyaran waya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wata mata ta zo ofis daga Liba a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, Gudiya sunanta. Za ta yi hamsin. Mijinta ya rasu shekara uku, ita ke noman fadamarsa. Ta ce ba ta ga sunanta ba. Na duba jadawali daga sama har ƙasa, babu Gudiya ko a cikin waɗanda suka makara. Na ce, "Gwaggo, ba ki yi rajista ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ranar Litinin tun da safe ta je shagon Ɗanasabe mai cajin waya, ko koko ba ta sha ba, ita ce ta farko a layi, shi ya rubuta mata da wayarsa. "Abin ya ce an karɓa. Ɗanasabe ya karanta mani, kunnena ya jiya. To wa ka ƙarya, kai ko abin naka?"

Na ce wataƙila saƙon bai tafi ba, sabis ɗin ƙauye sai a hankali. Ta kalle ni ta gyara mayafi ta ce za ta dawo. Bushira ta raka ta bakin titi, ta dawo tana ta buga takardu a kan tebur da ƙarfi.

Na tabbata Ɗanasaben ne bai danna ba. Gobe zan duba don in rufe bakin kowa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na buɗe kundin saƙonni, wanda na ce ba zan buɗe ba.

Litinin, takwas da minti huɗu, daga lambar Ɗanasabe: Gudiya Liba. "An karɓi sunanka." Takwas da minti tara, lamba ɗaya dai: Zahra'u. "An karɓi sunanka." Takwas da kwata, Lauwali. Haka har mutum goma sha huɗu, na ƙarshe ranar Juma'a, wani Atiku. Kowane suna ya hau kan na gabansa ya shafe shi, don Magatakarda ya ɗauka mutum ɗaya ne yake ta gyara sunansa. Lokaci kuma ya tsaya a na farko. Don haka a jerin da muka manna, na tara Atiku ne, wanda ya zo ranar Juma'a, yana zaune a kan mintin Gudiya.

Layi ukun nan nawa ne. Babu wanda ya taɓa su sai ni.

Ban iya cin abinci ba bayan masallaci.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na yi tunani da kyau, abin bai kai yadda na ɗauka jiya ba. Mutum ɗaya ce ta zo ƙorafi. In saka Gudiya a wurinta, in ce wa Alhaji ɗan kuskuren bugawa ne, kowa ya matsa ƙasa da taki ɗaya, Baba ya koma 189. Shi kenan an wuce wurin. Kundin nan ni kaɗai na san da shi, kuma ko an ba su ba za su iya karantawa ba. Kowace manhaja a duniya tana da irin wannan a farkonta, a hankali ake gyarawa. Badi sai in gyara tsarin.

Kuma ai ba ni na ce su taru su goma sha huɗu a kan waya ɗaya ba.

To, na ce a ara. Amma ban ce haka ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Jandutsi. Baba ya rushe rudu. Ya ce me zai yi da shi tunda ga sito, Inna ta riga ta fara hura wuta da karan, itacen kuma ya ba maƙwabci ya gyara garken awaki. Wurin ya zama fili, sai ramukan ƙafafu. Ganyen albasa ya fara kwanciya, ya ce bayan sati biyu za a cire.

Ya tambaye ni ko lafiya. Na ce gajiya ce.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na je Liba da niyyar in samu Gudiya in ce mata an gyara, ta kwantar da hankalinta, kada ta sake zuwa ofis. Na tsaya shagon Ɗanasabe in tambayi gidanta. Babban mutum ne mai furfura a gemu, wayoyi sun fi talatin a kan teburinsa suna caji, duk ƙanana. Da ya ji ni ne mai Magatakarda sai ya ba ni benci, ya ciro tasa wayar mai fasasshen gilashi ya buɗe min hirar. Yana ja da ɗan yatsa yana kiran sunayen, wannan makauniya ce 'yarta ke mata noma, wannan ya bar shanunsa ya tako daga ruga, wannan ta jira har rana ta take. A ƙarƙashin kowane suna ga maganata, "An karɓi sunanka."

Ya ce, "Wayag ga ai ta unguwa ta, Injiniya. Da ita a ka kiran ɗiya Legas, da ita a ka hwaɗin rasuwa. Ni dai riƙo ni kai." Ya ce tun da jerin ya fito mutane suka rage zuwa caji wurinsa, wai ya ci amanarsu ya sa wa Atiku don abokinsa ne. Bai roƙe ni komai ba. Cewa ya yi kawai in duba masa ko shi ya danna ba daidai ba.

Na ce ba shi ba ne. Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

Ban je gidan Gudiya ba. A kan babur ina dawowa ta Maiyama wani abu ya faɗo min, har na kusa faɗawa rami: ni da kaina, da wace waya na yi wa Baba? Layi na 188 lambata ce, sunansa ne a kai. Da a ce ina da gona na sake tura nawa sunan, da ni zan shafe ubana. Abin da na rantse babu shi a duniya, na aikata shi da hannuna ranar Laraba ban ko lura ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na ajiye jadawali gefe, na sake gina jerin daga kundin saƙonni, kowane suna da ainihin mintinsa. Sai da na karanta da ido don in raba gyaran suna na gaskiya da sabon mutum. Wayoyi goma sha bakwai ne aka yi tarayya a kansu. Mutum hamsin da uku aka shafe, yawancinsu mata. Talatin da bakwai daga ciki sun riga Baba.

Baba ya koma 225.

Sai na ga wani abu da ya sa na miƙe tsaye. Akwai kuma masu layin waya biyu da uku, mutum ɗaya ya yi da kowace lamba, ya fito sau biyu ko sau uku a jerin. Tsarin nawa da na ce zai hana cin wuri biyu, ga shi ya bari. Na shiga cire su da sauri ina ƙirgawa, ina addu'a su kai ashirin da biyar. Tara ne a gaban Baba.

216. Na sake lissafawa sau uku. 216.

Da na yi masa ranar Litinin da safe kamar yadda na yi alkawari, da yana cikin goman farko ko da wane jeri aka bi.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na buga sabon jerin, na ninke na sa a aljihu. Yini guda yana nan.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na ba Bushira. Ta karanta a tsaye, ta kai shafi na biyar ta tsaya, ta ce, "Malam Shehu hwa?" Na ce na gani. Ta ce ranar nan abin da ta so ta tambaya ke nan, in mutum biyu suka ari waya ɗaya. Ta faɗa a hankali, ba da gori ba, da ta yi gorin ma da ya fi min sauƙi.

Ta kira Alhaji, an sa taro gobe. Na so in bugo wa Baba in faɗa masa kafin ya ji a bakin wani. Na ciro lambar sau biyu na mayar.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An yi. Ɗakin da aka tafa min kwana goma sha biyu da suka wuce, mutanen ma su ne.

Na yi bayanin da kyau, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na zana a allo: ga waya ɗaya, ga mutum goma sha huɗu, ga yadda kowa ya hau kan wani. Alhaji ya ce, "Ba kai kac ce na'ura ba ta mantuwa ba?" Na ce ba ta manta ba, Alhaji, ni na ce mata ta goge, ta goge. Ɗakin ya ɓarke da hayaniya. Atiku ya ce shi an manna sunansa, ya riga ya yi hayar motar ɗauka, babu mai cire shi. Masu lamba uku suka fi kowa hayaniya. Wani ya ce yaron nan akwai wanda yake so ya cusa, a bincika.

Bushira ce ta miƙe ta ce a duba na 216. Aka duba, sunan Baba ne. Alhaji ya cire tabarau ya kalle ni ya mayar. Hayaniyar ba ta mutu ba, amma ta sauka. Aka ɗaga hannu aka ƙirga, sabon jeri ya tsaya.

Gudiya tana bayan ɗaki. Da aka karanta "na tara, Gudiya Liba" ba ta yi guɗa ba, ba ta yi godiya ba. Da za ta fita ta tsaya kusa da ni ta ce, "Ai na hwaɗa maka ni ta ta hwarko." Na ce haka ne, Gwaggo.

Mutumin Argungu yana wurin. Bai neme ni ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Labari ya riga ni isa Jandutsi. Na tarar da Baba zaune a kan tabarma a inuwar zaure yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na fara bayanin wayoyi da layuka, ya bari na yi nisa, sannan ya ce, "Ran Litinin da anka buɗe, kana ina?"

Na ce ina gaban kwamfuta, Baba.

"Awo."

Ya ci gaba da gyaran igiyarsa. Duk bayanin da na shirya a hanya na jiya ne, na mutanen taro, wannan tambayar ba ta cikinsa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, har na rasa inda zan sa idona.

Bai je majalisa da yamma ba. Inna ta ce tun jiya bai fita ba. Da zan tafi na je sallama, ya ce, "Matag ga ta Liba, ta riga ni?" Na ce da kwana biyu. Ya ce, "To. Jibi ka zaka da adda, a saro gwafa."

Laraba, 26 ga Fabrairu

Jiya yini muka yi a daji muna saran itace. Hannun da ya saba da sukurudireba ya yi ƙanta biyar. Baba bai yi min magana ba sai "riƙe nan" da "ba hakanga ba".

Yau na sake tsarin Magatakarda, don Alhaji ya ce da shi za a riƙa sanar da ranar kai kaya, ko da yake yanzu Shafi'u yake ce min. Jadawali uku ne yanzu, na wayoyi daban, na mutane daban, da na uku a tsakani mai nuna wa ya yi magana ta wace waya. Waya ɗaya tana iya ɗaukar mutum ashirin, mutum ɗaya yana iya zuwa ta waya uku. Ba ya goge komai, kuma kafin ya karɓi gyara sai ya tambaya, gyara ne ko wani ne daban. Maganarsa ta farko ma na canza: "Sannu da zuwa. Da wa nake magana?"

Tsarin ya yi kyau ƙwarai, ya fi na farko nesa ba kusa ba. Kafin in ɗora shi na kai wa Bushira zanen, na ce ta yi duk tambayar da take so. Ta yi bakwai. Biyu daga ciki ban da amsarsu tukuna.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Rudu ya tashi. Ƙafa tara, kara sabo, saura jinka. Na ɗaga shi ya fi na da tsawo don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, Baba ya kalla bai hana ba. Ana sa ran azumi gobe, Litinin za a fara cire albasa. Wasu za su ruɓe duk da haka, na sani, shi ma ya sani. Na ce zan riƙa zuwa duk Lahadi muna juyawa muna tsincewa. Ya ce Allah ya kai mu.

Na duba kundi da safe. Saƙo ya shigo daga lambar Ɗanasabe, Magatakarda ya tambaya da wa yake magana, aka amsa, "Gudiya, ta tara." Ya ba ta ranarta, Talata. Bayan minti uku Zahra'u ta shigo ta wannan wayar, ya ba ta tata. Duk su biyun suna nan.

Bayan la'asar waya ta yi ƙara, "Baba". Na yi sallama na jira in ji murya. Inna ce. Ta ce in taho da igiya ƙulli biyu. Ta kuma ce jiya ya koma majalisa, wani ya tsokane shi wai ina sito, ya ce, "Ɗana na ya hidda ni, da hannunai." Na ce da faɗa ya faɗa ko yaya? Ta ce ita daga cikin gida ta jiyo, ba ta ga fuskarsa ba, amma dai sau uku ya faɗa.

Da ta kashe na daɗe da wayar a hannu. Shekara shida lambar nan tana "Baba", kuma rabin kiran Inna ce, wani lokaci ƙanwata Hanan, wani lokaci maƙwabta. Na goge na rubuta "Gida".

Ba wani abu ba ne, gyaran suna ne kawai. Kada in manta da igiya.